Ba'elfe a Teburin Alhamis

Juma'a, 28 ga Oktoba, da safe

A kaɗa ƙararrawar coci, a tsayar da motoci a titi, a gaya wa gwamna a Madison: jiya da yamma, a ɗakin ƙarƙashin gidana, a gaban shaidu uku da kwanon cuku, Lyle Dombrowski ya tuba daga wadanci ya zama Ba'elfe.

Saboda wanda zai tsinci littafin nan ranar da ake fitar da tarkacena bakin titi, bari in yi bayani. Tun muna sakandare muke zama duk Alhamis a tebur ɗaya. Ni ne mai jan wasa. Ni na ƙirƙiro ƙasar, Vessen, da sarakunanta da dodanninta, nakan zauna bayan wani kwali da ke ɓoye takarduna in ba da labari. Abokaina uku kowa da jaruminsa, ya faɗi abin da jarumin zai yi, sai a jefa ƙwaya mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ce hukunci. Kusan shekara arba'in ke nan. Sa'o'inmu masu hankali sun yi amfani da lokacin wajen tara dukiya da hawan jini.

Duk tsawon shekarun nan, a cikin wasan, Lyle wada ne: gajere, mai gemu, mai gatari, sunansa Grumbak. In Grumbak ya mutu, mako na gaba ɗansa Grumbak ya iso da gatarin. Shi ne mai cewa Elfawa, aljanun daji na tatsuniya, ba komai ba ne sai 'yan gayu masu dogon kunne da ke rera wa itace waƙa. Jiya za mu fara sabon labari, na ce kowa ya faɗi jaruminsa, sai ya ce, "Ba'elfe."

Curt Vandenberg, likitan haƙori, mutumin da bai taɓa yin magana ƙasa-ƙasa ba, ya ajiye kwalbarsa. "Kai tsoho, lafiya? Matarka Marlys ce ta sa ka, ko cin ganye ka fara?"

"Na gaji da kallon gwiwoyinku," in ji Lyle.

Bernie Kowalke, wadda ke aiki a asibitin dabbobi, ta ce, "Ƙyale shi, Curt. Mutum ya shekara arba'in a rami, ba ya fito ya sha iska ba?"

Sunan Ba'elfen wai Aru. Curt ya ce sunan Ba'elfe na gaskiya ai sai ka tsaya ka sha ruwa a tsakiyarsa. Lyle ya ce da yana da dogo, ya yar a hanya. Ya rubuta shi a kati ya kafa a gabansa, amma rubutun shi yake kallo, ba mu ba. Dare ɗaya da zama Ba'elfe har ya koyi son kai.

Ina ɗan shekara sha bakwai na rubuta dokar Elfawa, da mugunta kuma na rubuta ta, don kada kowa ya yi sha'awarsu. Ba'elfe na Vessen yakan yi shekara dubu, amma kansa ya cika tuntuni. Yana riƙe da waƙar da ya ji shekara ɗari biyar da suka wuce, bai san abin da ya ci jiya ba. Ba ya riƙe sunan mutum, don kafin ya riƙe, mai sunan ya mutu, saboda haka kowa "ɗan jiya" yake ce masa. Ba a ba shi zanen taswira, ba a sa shi tuni. Tuni shi ne al'adarmu: kafin a fara wasa, wanda layi ya zo kansa ya miƙe tsaye ya faɗi abin da ya faru makon jiya.

Ni na manta rabin wannan. Lyle ya karanto mini ita da ka, har da inda na yi kuskuren rubutu.

Malalaci ne ya samu ƙofa. Na yaba.

Lahadi, 30 ga Oktoba, da rana

Na share ganye. Iska ta dawo da su.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, da safe

Dole in faɗi gaskiya, Lyle ya iya. Yana zaune a miƙe, yana magana a hankali, yana kallonmu kamar ƙudajen da yake tausayi. Da suka isa gadar da 'yan fashi suka tare, Curt yana ta ihun a kai hari, sai Aru ya ce wa shugaban 'yan fashin, "Ɗan jiya, na san kogin nan tun ana tsallake shi da ƙafa ɗaya. Matsa." Na yi dariya har na ba shi hanya ba tare da jifa ba.

Taswira ya tura wa Bernie. Lyle, wanda ya raba wasiƙu a garin nan shekara da shekaru, wanda ya san sunan karen kowane gida, taswirorinsa har lungun ɓera suke nunawa. Na Bernie kamar hanjin kaza.

Lyle ya makara, ya ce an rufe titin Merritt. Ta nan na bi da na je sayen cuku, a buɗe yake.

Da aka tashi Curt ya tsaya a matakala, ya kira ni da sunan tsokanar da ya sa mini. "Farfesa, wannan cuta ce. Mu mu yi tuni, mu yi taswira, shi yana zaune kamar bishop yana ce mana ɗan jiya? Ni fa na girme shi da wata huɗu."

Na ce doka ce.

"Kai ka rubuta, kai za ka goge. Ko tsoron dogon kunne kake?"

Layin tuni na makon gobe a kan Lyle yake, in da adalci. Zan yi wa dokar gyara. Sarki mai adalci ba ya barin ƙabila ɗaya ba haraji.

Talata, 8 ga Nuwamba, da yamma

Wata yarinya ce ta kawo wasiƙu. Ta ce ai Lyle ya ajiye aiki tun ƙarshen bazara, har an yi masa walima. Ba wanda ya gayyace ni. Ba wanda ya gaya mini.

Tukunyar ɗumama gida ta fara wata ƙara. Zan kira mai gyara.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Na sanar da gyaran dokar cikin muryar majalisa. Curt ya buga tebur. Bernie ta ce, "Orrin, bari kawai, ni zan yi." Na ce ba a karɓar wa mutum tuni, ita ma doka ce. Ni da dokoki.

Lyle ya dubi katinsa, ya dube ni. "Ba'elfe ba ya tuni."

"Daga yau yana yi. Tashi, ranka ya daɗe."

Ya miƙe. Ya riƙe bayan kujera. Curt ya fara kaɗa yatsu. Sai fuskar Lyle ta washe, ya fara. Ya faɗi yadda suka shiga hasumiyar gishiri, yadda igiya ta tsinke, yadda Duane ya jefa ɗaya ya faɗa rijiya da molonsa na mandolin, muka yi dariya har mahaifiyata ta buga mana ƙasa da tsintsiya daga sama. Bai bar komai ba. Tuni ne mai kyau, ban taɓa jin wanda ya fi shi ba.

Hasumiyar gishiri muna aji na ƙarshe muka yi ta. Duane Ziebell, na biyar ɗinmu, ƙanƙarar tafki ta fashe da shi, ya nutse ya rasu, tun kafin Curt ya yi aure.

Curt ya fara dariya, yana zaton wasa ne, yana cewa, "Kai, shegen Ba'elfe, ka ci mu." Sai Lyle ya dubi gefen da babu kujera ya ce, "Wai ina Duane ɗin? Kullum sai ya makara."

Bernie ta ce, "Ba zai samu zuwa yau ba. Zauna, masoyi, ka yi daidai."

Mun yi wasa. Ban san abin da na faɗa ba.

A waje, tana goge gilashin motarta, Bernie ta ce mini, "Duk littattafan nan da ka cika gida da su, ba wanda ya koya maka kallon mutum?"

Na ce ban gane ba.

"Ka gane."

Asabar, 12 ga Nuwamba

Ganye.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, da yamma

Na ɗauki waya na ajiye. Na sake karanta wani littafi a kan faɗuwar Rum. Har yanzu ta faɗi.

Talata, 15 ga Nuwamba, bayan azahar

Marlys, matar Lyle, ta zo ɗakin karatu inda nake aiki. Ba ta taɓa aron littafi ba a rayuwarta. Muka zauna a sashen yara, a kan kujerun da gwiwa ke kai wa haɓa.

Sun je asibiti a Madison tun watan Mayu. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Lyle. Ta faɗi sunan cutar mantuwar, da irin muryar da ake faɗin sunan surukin da ba a so. Makullin mota yana jakarta tun ranar Juma'a, ya neme shi har cikin firij.

Na ce me ya sa ba a gaya mini ba.

"Shi ya hana. Ya ce in ka sani za ka fara yi masa kirki, shi kuma ba zai iya jurewa ba."

Ta ce duk bazara yana zaune a baranda yana tunanin yadda zai yi da Alhamis. Taswira ta fara gagararsa, sunaye suna zamewa. Har ya yanke zai daina zuwa. Sai wata safiya ya shigo kicin yana murna kamar yaro, ya ce, "Marlys, ai Orrin ya riga ya rubuta mini wuri."

Na dubi hoton wata dorinar ruwa mai hula a bango.

"Ba na roƙonka komai," in ji ta. "Ƙarya nake, ina roƙo. Ka bar masa kujerarsa iya yadda za ka iya. Ni zan kawo shi, ni zan ɗauke shi. Ran Alhamis kaɗai yake aske gemu ba sai na ce ba."

Na ce kujerar Lyle ta Lyle ce har abada. Da babbar murya na faɗa, har wata uwa ta juyo. Na iya irin waɗannan jimloli.

Juma'a, 18 ga Nuwamba, da safe

Majalisa ta soke gyaran da ta yi. Ba wanda ya buga tebur.

Mun lalace gaba ɗaya. Curt, da Bernie ta yi wa bayani, ya koma yi wa Lyle magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai koya wa baƙo hanyar tasha. "LYLE. GA. CUKU."

Lyle ya dube shi. "Ɗan jiya, ka ga girman kunnuwan nan? Ba'elfe ne ni, ba kurma ba."

Sai muka ɗan dawo mutane. Aru ya harbo dodon fadama a ido, ya rera wata waƙar Elfawa da ya ƙaga nan take, mara daɗi ƙwarai. Sau biyu ya tambayi wace ƙwaya ake jefawa, Bernie ta tura masa da ɗan yatsa ba ta ko ɗaga kai ba. Zai yiwu. Na ce wa kaina zai yiwu.

Na lura da abu ɗaya. Da Marlys ta zo ɗaukarsa, wasa ya ƙare, yana sa riga, ya ce mini, "Sai wani makon, ɗan jiya."

Alhamis, 24 ga Nuwamba, da yamma

Ranar Godiya ce, hutun ƙasa, ba wasa. Na ci talotalo a gidan ƙanwata, na saurari mijinta a kan harajin gidaje. Da na dawo na tarar da saƙonni a waya, duk na Lyle, duk iri ɗaya: yana tambaya ko shi zai kawo cuku.

An yi dusar ƙanƙara ta farko. Tukunyar nan tana ƙara.

Juma'a, 2 ga Disamba, da rana

Ban je aiki ba.

Tun shigowar Lyle jiya na ga ba daidai yake ba. Ya tsaya a tsakiyar matakala yana duban ɗakin kamar an sauya shi. Muna cikin wasa Curt ya miƙa hannu ya ɗauki koriyar ƙwayar Lyle, kamar yadda yake yi tun muna yara, don tasa ba ta da sa'a. Lyle ya damƙe hannunsa.

"Wane ne wannan?" Ni yake tambaya. "Wa ya kawo shi? Yana mini sata."

"Ni ne, tsoho. Curt."

"Na san Curt. Curt yana da gashi."

A wata rana da mun mutu da dariya. Ya murɗe hannun har Curt ya yi ƙara, hannun da yake aiki da shi. Kofi ya kife a kan taswira. Bernie ta zagayo ta riƙe kafaɗunsa tana magana da muryar da take yi wa karnuka masu tsoro, har ya saki. Ya zauna.

Can sai ta tashi ta ɗauko tawul daga wajen injin wanki, ta shimfiɗa masa a cinya inda wandonsa ya jiƙe, ta ce giya ce ta zube. Lyle ya bar shan giya tun bazara.

Na kira Marlys ta zo da wuri. Na wanke kujerar da kaina.

Asabar, 3 ga Disamba

Na kwashe dusar ƙanƙara. Ta sake sauka.

Litinin, 5 ga Disamba, da yamma

Mun haɗu mu uku a gidan abincin bakin gada. Curt da bandeji a wuyan hannu, ya soke aikin kwana biyu.

"Ba don hannuna ba," in ji shi. Ya faɗa har sau uku, don haka don hannunsa ne, amma ba shi kaɗai ba. "Ku dube ni. Da Lyle na da ya ga abin da ya faru ran Alhamis, me zai ce? Zai ce ku harbe ni. Muna zaune muna kallon mutum yana zubar da mutuncinsa a kan kujera, muna cewa jefa ƙwaya."

Bernie ta ce, "Mutuncinsa ko jin daɗinka?"

"Ke kullum a wurin aiki me kike yi wa tsohon kare? Kina barinsa ya yi ta jan ƙafa?"

"Lyle ba kare ba ne, Curt. Kuma ko karen, sai ya daina kaɗa wutsiya."

Suka juyo gare ni, mai jan wasa. Na yi musu jawabi. Na kawo mutanen da, yadda jarumi ke fita fage tun ana tafa masa. Na ce akwai sashen ƙarshe na dokar Elfawa da ba mu taɓa amfani da shi ba: in Ba'elfe ya tsufa, fararen itatuwan arewa sukan kira shi, ya tafi ya tsaya a cikinsu har ɓawo ya rufe shi. Ba mutuwa ba ce. Za mu yi wa Aru rakiya irin ta sarakuna, Lyle ya tashi daga tebur da girmansa.

Bernie ta ce, "Ka tambaye shi?"

Na ce tambayar ita ce rashin tausayin.

Ta ajiye cokali. "Zan zo, don kada ya rasa mai tura masa ƙwaya. Amma kada ka sa ni tafi."

Gaskiyar da ban faɗa a can ba: tun ran Alhamis ban iya sauka ɗakin ba.

Laraba, 7 ga Disamba, da yamma

Na rubuta rakiyar. Ita ce abu mafi kyau da na taɓa rubutawa, abin da ya kamata ya ba ni tsoro.

Juma'a, 9 ga Disamba, da safe

Lyle ya zo da gemu a aske, da cuku, garau. Ya ce wa Curt, "Me ya sami hannunka, likita? Wani ya cije ka?" Da ya zo a rikice da ya fi mini sauƙi.

Na kai su arewa. Na rage fitila. Na faɗi yadda dusar ƙanƙara ta yi shiru, yadda fararen itatuwa suka tsaya sahu-sahu, kowanne da fuskar wani da Aru ya sani tun duniya tana ɗanya. Na ce suna kiran dogon sunansa, wanda ya yar a hanya. Curt yana share ido. Na ce, "Aru, ƙafafunka sun yi nauyi. Ka gaji. Ga wuri an bar maka a tsakaninsu."

Lyle ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Da kyau. Zan jefa."

Na ce ba a jifa a nan.

"Ana yi. In itatuwa sun kira, Ba'elfe yana jefawa. Sha biyar ko sama, ya ce musu ba yanzu ba. Shafi na biyu, ƙasa, kusa da inda ka zana takobi."

Haka ne. Na tuna da takobin.

Bai jira Bernie ba, shi ya ɗauki koriyar. A teburina a fili ake jifa, kowa yana gani, ban taɓa canja lamba don kowa ba, ko ranar da Grumbak na farko ya mutu Lyle ya yi wata guda ba ya gaishe ni. Ƙwayar ta gangara ta tsaya jikin kwanon cuku. Sha bakwai.

"Ba yanzu ba," in ji shi, yana murmushi.

Na dubi bayan kwalina, inda ba komai sai rakiyar da na rubuta. Na ce, "Bai isa ba. Sha takwas ake nema."

"Sha biyar ne."

"An yi gyara."

Ya dubi Bernie. Tana kallon hannuwanta. Ya dubi Curt. Sa'an nan ya dube ni, ya daɗe, kallon da ba na Ba'elfe ba, ba kuma na mara lafiya ba.

"To," ya ce. "Kai ne mai jan wasa."

Na karanta sauran. Ɓawo ya hau gwiwa, ya hau ƙirji, tsuntsaye suka sauka. Ba wanda ya tafa. Ya ɗauki katinsa ya kifa, ya zuba ƙwayoyinsa a 'yar jakar fatarsu, ya zauna da rigar sanyi a jiki yana jiran Marlys.

A ƙofa na gaya mata labarin ya ƙare, za mu huta sai bazara. Ta ce, "Haka ne?" Na ce haka ne.

Lahadi, 11 ga Disamba

Bernie ba ta ɗaga waya.

Talata, 13 ga Disamba, da yamma

Curt ya ce mu koma gidansa ran Alhamis, ɗan'uwan matarsa yana son koyo. Ya ce in muka tsaya yanzu ba za mu sake farawa ba, kuma gaskiyarsa. Na amsa.

Na haɗu da Marlys a kantin magani. Ta ce makon nan ya yi muni. Jiya Litinin ya sa kwat ya zauna jiran a tafi coci. Na yi mata jaje, kuma, Allah ya yafe mini, na ji sauƙi. Mutumin da bai san Litinin daga Lahadi ba, ba zai san Alhamis ba. Ba zai ji rashin abin da bai san ya zo ba. Wannan hujja ce mai kyau, na duba ta ta kowane gefe.

An ce sanyi mai tsanani yana tafe.

Juma'a, 16 ga Disamba, da safe

Asibiti.

Juma'a, da yamma

Jiya Alhamis Marlys ta shiga wanka wajen magariba. Da ta fito Lyle ba ya nan. Ta bi titin coci, ta bi tsohuwar hanyar aikinsa, ta kira 'yan sanda. Ba ta zo gidana ba, don na gaya mata ba wasa. Ta kira ni. Wayata tana aljihun riga a falon Curt, a kashe. A teburina ba a kunna waya. Ita ma doka ce.

Daga gidansu zuwa nawa tafiya ce mai nisa ko da rani, da gada a tsakiya. Bai ɓata ba. Bai yi kuskuren kwana ko ɗaya ba.

Maƙwabcina ne ya gan shi da ya fito da shara. Yana zaune a matakalar ƙofar gefe, wadda ke sauka ɗakin ƙasa. Takalmin cikin gida ne a ƙafarsa, ba safar hannu. Ya ce wa maƙwabcin kada ya damu, yanzu za a buɗe.

A lokacin ina koya wa ɗan'uwan matar Curt yadda ake riƙe garkuwa.

Asabar, 17 ga Disamba, da rana

Sanyi ya ci masa ƙafa da hannu. Ƙafar hagu suna sa rai. Yatsun hannun dama, likita ta ce a jira, amma ta faɗa tana kallon takarda.

Curt ya zo da furanni, ya kasa wuce bakin ƙofa. Bernie ta kwana a can. Ta wuce ni a baranda kamar ta wuce bango.

Litinin, 19 ga Disamba, da yamma

Yatsu biyu sun tafi, da rabin na uku.

Marlys ta ce daga nan ba gida za a kai shi ba. An samu wuri a wani gidan kula da marasa lafiya a hanyar Neenah, mai ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in ina son shiga in shiga, za ta je shan kofi.

Hannun yana naɗe kamar dunƙulen burodi. Gemu ya fito masa, fari. Ya buɗe ido ya dube ni, na shirya jin ɗan jiya.

"Orrin," ya ce.

Na ce na'am.

"Na zo, ba kowa. Fitila a kashe." Ba da fushi ba, kamar mai ba da rahoto. "Na ƙirƙiro wada. Tunda wancan ya zama itace. Duk hanya ina riƙe da sunan kada ya faɗi." Ya motsa baki, yana dubawa a silin. "Ya faɗi."

Na ce Grumbak.

"A'a," ya ce. "Sabo ne." Ya rufe ido.

Na zauna har aka kawo abinci. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko ni ɗan'uwansa ne. Na ce a'a, wasa muke yi tare.

Talata, 20 ga Disamba, da safe

Na ce ba zai san Alhamis ba. Na yi kuskure.